Tarihin Fito a Gulbin Sakkwato, da Hasarar da A Kan Yi a Bakin Mashigi

Duk wanda ya taɓa aikin hakimi a gabashin ƙasar Sakkwato ta da, ko ya yi malanta a ofishinsa, ko kuwa ya ɗauki takardar sarki ya kai ƙauyukan ƙetare, ya sani shekara a wurinmu kashi biyu ce. Akwai watannin da gulbi ya ke barin mutum ya taka shi da ƙafa, akwai waɗanda ba ya bari. Gulbin da mu ke nufi shi ne na Sakkwato. Ya taso daga wajen Funtuwa, ya bi ta Gusau, ya ratsa ƙasar Maradun da ta Talata Mafara da ta Bakura, ya je ya gamu da Rima kusa da birnin Sakkwato, sa'an nan suka nufi Argungu da Birnin Kebbi, har suka zuba cikin Kwara. Da rani, a zamanin da, rairayi ne fari fat, sai 'yan kududdufai nan da can, mata suna tonon ruwa a tsakiyarsa, jakai suna ratsawa da kaya. Amma in damina ta kankama, musamman cikin Agusta da Satumba, sai ya cika ya batse, ya hau fadama, ya raba manomi da gonarsa, ya raba dagaci da hakiminsa. A watannin nan ne a ke fito.

In aka kawo labarin jirgi ya kife, galibi mutane su kan ɗauka abin ya faru ne can tsakiyar ruwa, inda babu mai iko sai Allah. Masu fito kuwa da suka tsufa cikin sana'ar ba haka su ke gani ba. A wurinsu wurin tsoro shi ne mashigi, watau inda a ke shiga jirgi da inda a ke fita daga cikinsa. Waɗansu jiragen a nan su ke kifewa, tudu yana gaban mutane kamar su miƙa hannu su taɓa. Waɗanda kuma su ke nutsewa a tsakiya, in ka bi sawun abin, sai ka tarar tun daga bakin gaɓa aka ɗaura musu ajalin, sa'ad da aka bar mutum na arba'in ya shiga jirgin mutum ashirin. Saboda haka tarihin hasarar fito a ƙasarmu tarihin mashigi ne, da na wanda a ke jin maganarsa a wurin.

Mafarin fito ba jirgi ba ne, gora ne da masaki. Mai fito ya kan zuba kayan matafiyi cikin babban masaki, matafiyin ya rungumi gora ko ya riƙe bakin masakin, shi kuwa yana iyo yana tura su har gaci. Wannan hanya tana da jinkiri ƙwarai, amma tana da kariya guda wadda ba a lura da ita ba sai da aka rasa ta: ba ta ɗaukar fiye da mutum ɗaya ko biyu, don haka kuskure ɗaya ba ya cin gari. Inda ruwa ya ke da faɗi kuma mutane da yawa, a kan sassaƙa komi daga gungumen itace guda, maɗaci ko maje ko wani babban itace mai jure ruwa. Daga baya, da manyan itatuwa suka yi wuya, aka koma harhaɗa katako da ƙusa, a toshe tsakaninsa da tsumma da kwalta. Jirgin katako ya fi komi ɗaukar kaya, ya kuma fi shi saurin tsufa, gama ƙusa tana tsatsa, katako yana ruɓewa ta inda ido ba ya gani.

To, bari mu duba yadda gwani ya ke kai jirgi gaɓa, domin wanda bai san daidai ba ba zai gane kuskure ba. Mai fito ba ya miƙewa sosai daga wannan mashigi zuwa wancan kamar mai ratsa titi. Ya kan bi gefen gaɓa ya haura sama tukuna, yana dogara gwangwala a ƙasa inda ruwa ba shi da ƙarfi, sai ya yi nisa gwargwadon cikar gulbi a ranar, sa'an nan ya karkata goshin jirgi ya shiga, ya bar ruwa ya gangaro da shi a hankali, yana gyarawa da filafili. In lissafinsa ya yi daidai, sai ya iso mashigin ƙetare goshin jirgi yana fuskantar inda ruwa ya ke fitowa. A haka ruwa da kansa ya ke rage masa gudu, ya jingina shi da gaɓa. Yaronsa ya yi tsalle da igiya ya ɗaura a turke, shi kuwa ya kafa gwangwala a baya ya danne, kada gindin jirgi ya juya. Sai bayan wannan duka a ke cewa mutane su fita, ɗaya bayan ɗaya, na gaba kafin na baya.

Ko wane mataki cikin waɗannan yana da irin ɓarnarsa. In mai fito bai haura sama sosai ba, ruwa ya kan wuce da shi mashigin, ya kai shi inda gaɓa ta ke tsaye kamar bango, ko inda rassan itace su ke cikin ruwa. Nan mutane su kan miƙa hannu su cafki reshe, suna tsammanin taimako su ke yi. Jirgi kuwa yana tafiya, reshe yana tsaye, sai jirgin ya zame daga ƙarƙashinsu ko ya karkata ya sha ruwa. In kuma ya iso da haƙarƙari, watau ya gitta wa ruwa, goshi ya taɓa ƙasa alhali gindi yana cikin gudun ruwa, to ruwan ya kan danne leɓen da ke sama da shi, ya hau, kafin a ce me, jirgi ya cika. Akwai kuma gaɓar da ruwa ya cinye gindinta da dare, samanta yana nan da ciyawarsa kamar lafiya lau. Mutum biyar su taka, ta zube da su, wani lokaci ta faɗo kan jirgin. Gefen gulbi inda ya yi kwana, wajen waje, shi ne mai wannan hali, don nan ruwa ya ke ci, nan kuma zurfi ya ke. Gefen ciki rairayi ya ke tarawa. Shi ya sa tsofaffin mashigai ba a bakin ƙofar gari su ke ba ko da yaushe, su kan sa mutum ya yi 'yar tafiya, matafiyi yana gunaguni bai san dalili ba.

Amma babbar musiba, wadda ta fi duka yawa, ita ce tashin mutane gaba ɗaya. Muddin jama'a suna zaune a ƙasan jirgi, nauyinsu yana ƙasa, jirgi yana da gindin zama. Da sun hangi tudu, sai wannan ya miƙe ya ɗauki buhunsa, waccan ta gyara goyo, kowa ya matso gefen da gaɓa ta ke. Nauyi ya koma sama, ya kuma koma gefe guda. Jirgin da ya ratsa gulbi lafiya sai ya kife saura taki biyar. Kada mai karatu ya ce ai kusa da tudu ne, sai a fita. Wurin da jirgi mai kaya zai iya matsowa dole yana da zurfi, mutanen tudu kuwa yawancinsu ba su iya iyo ba, ga babbar riga ko zane ya naɗe ƙafa, ga laka, ga wanda ya firgita ya riƙe na kusa da shi ya tafi da shi ƙasa. Ruwan da ya kai wuyan namiji ya isa ya ci mace mai goyo. Dabbobi ma a nan su ke ɓarna. Jaki ko sa da ya yi shiru a tsakiyar ruwa, da ya ji ƙanshin ƙasa sai ya zabura. Don haka masu fito na ƙwarai ba su haɗa manyan dabbobi da mutane. Doki da shanu a kan ja su suna iyo a gefen jirgi, a riƙe linzami ko igiya a hannu, ba a ɗaurawa, domin in dabba ta nutse a sake ta.

Wannan ilmi ba a rubuce ya ke ba. Yana hannun Sarkin Ruwa da zuriyarsa da yaransa, kamar yadda ilmin ƙira ya ke hannun Sarkin Maƙera. A ƙasar Hausa ruwa yana da mai shi. Sarkin Ruwa ya san inda zurfi ya ke bana, wanda ba nan ya ke bara ba, shi ke cewa a matsa da mashigi sama ko ƙasa, shi ke cewa yau ba fito sai ruwa ya sauka, in kuma wani ya nutse shi da mutanensa ke nemo shi. Abin da ya ba maganarsa ƙarfi kuwa, ba tsafi ba ne kamar yadda waɗansu su ke zato, sarauta ce. Wanda ya naɗa shi yana bayansa.

Bayan da Turawa suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903, suka tsara ƙasa gunduma gunduma, sai ƙasashen nan uku suka zama gundumomi a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato: Sarkin Mafara a Talata Mafara, Sarkin Burmi a Bakura, Sarkin Kaya a Maradun. Hanyar magana guda ce, kowa ya san ta. Mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa hakimi, malamin hakimi ya rubuta, takarda ta tafi Sakkwato, Di'o kuma in ya zo rangadi ya tambaya. Mutuwar da ba ta kan tabarma ba, kamar ta ruwa, ba a binne labarinta tare da mamacin. In an sami sakaci, alƙali yana nan, shari'a kuwa ta san bambanci tsakanin abin da ya fi ƙarfin mutum da abin da ya jawo da gangancinsa. Wanda ya ɗora wa jirgi abin da ya fi ƙarfinsa ba ya fakewa da ƙaddara.

Ba mu ce zamanin nan ba shi da aibi ba. Wanda ya san En'e ya san aikin tilas, ya san kuma yadda ƙaramin ma'aikaci ya kan ari girman ubangidansa. Ba a rasa ɗan aike mai gaggawa wanda zai tsaya bisa kan mai fito ya ce sai an ƙetare da shi yanzu, da shi da dokinsa, ko rana ta faɗi, gama takardar hukuma ce a hannunsa. Mai fito talaka ne, ina shi ina musu da mai jar hula? Ashe ikon da ke kare mashigi shi ne kuma ya kan karya dokarsa. Amma duk da haka, in abu ya ɓaci akwai wanda za a kira da sunansa a tambaye shi, shi ma ya san za a kira shi.

Abin da ya rage wa fito nauyi da fari shi ne hanya. Jirgin ƙasa ya iso Gusau, ya kai Kauran Namoda cikin 1929, hanyar mota daga Gusau zuwa Sakkwato kuma ta bi ta Talata Mafara. Gyaɗa da auduga da kaka da rani a ke jigilarsu, sa'ad da gulbi ya janye, don haka hankalin hukuma bai tsaya kan jiragen damina ba sosai. Da aka yi ta gina gadoji a manyan hanyoyi, sai manya suka daina shiga kwalekwale. Ya zama abin hawan manomi mai gona a ƙetare, da mace mai zuwa kasuwa, da almajiri. Abin da manya ba su hawa kuwa, kun san yadda a ke kula da shi.

Sa'an nan gulbin kansa ya sake. Cikin 1974 aka fara gina madatsar ruwa ta Bakolori, kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi aikin, hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima ce mai shi, aka gama bangon cikin 1978. Tsawonsa kamar mil uku da rabi, tsayinsa a tsakiya kusan ƙafa 160. Ruwan da ya taru a bayansa ya rufe kamar eka 20,000, ya koma baya wajen mil 12 cikin ƙasar Maradun, ya tashi mutum fiye da 10,000 daga gidajensu da gonakinsu. Rigimar diyya da ta biyo baya, har aka zubar da jinin manoma a Birnin Tudu cikin Afrilu 1980, labari ne mai zaman kansa, kowa a ƙasar nan ya san shi. Abin da ya shafe mu a nan shi ne abin da madatsar ta yi wa ilmin masu fito.

A sama da ita, mutanen da suka gaji gulbi suka wayi gari da tafki. Tafki kuwa halinsa dabam. Ba shi da gudu, amma yana da faɗi, iska tana samun filin tayar da igiyar ruwa, musamman gaban hadari. Kwalekwale mai gajeren leɓe wanda aka yi domin gulbi, in ya iso gaɓa igiyar ruwa tana dukansa ta baya ko ta gefe, ya kan sha ruwa yana tsaye. Bakin tafki kuma ba ya zama wuri ɗaya. Da kaka yana nan, da bazara ya janye nesa, ya bar laka. Mashigin watan jiya ba shi ne na wannan wata ba. Ƙarƙashin ruwan kuwa tsohuwar ƙasa ce da kututturanta da kwazazzabanta, mutum yana tafiya ruwa iya gwiwa, taki ɗaya ya faɗa tsohon rafi. A ƙasa da madatsar, wajen Talata Mafara da Bakura, cikar damina ta ragu, noman fadama da su suka ja baya. Wani abu kuma ya shigo wanda kakanni ba su sani ba. Da, mai fito ya kan dubi gabas, in ya ga an yi ruwa wajen Gusau ya san gobe gulbi zai ƙaru. Yanzu tashin ruwa yana iya zuwa daga hannun mai buɗe ƙofar madatsa, rana tsaka, sama garau. Mutanen kwarin Rima sun ga iyakar wannan cikin Satumba 2010, sa'ad da ruwa ya yi wa madatsar Goronyo yawa, ambaliya ta ci garuruwa da gonaki.

Ana cikin ginin nan ne, cikin 1976, aka soke En'e aka kafa ƙananan hukumomi. Kotuna da 'yan doka da gidajen yari dama an riga an karɓe su a shekarun da suka biyo bayan 1966. Hakimi ya rage da girma da shawara, ba shi da baitulmali, ba shi da ɗan doka. Sarkin Ruwa ya rage da rawani. Da aka yanke Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba 1996, garuruwan nan uku suka koma cikinta, ko wannensu yau yana da ƙaramar hukumarsa da sarkinsa. Cikin 1997 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wadda a ke kira NIWA, babban ofishinta yana Lokoja. Dokokinta ba su da laifi: kada a yi tafiyar dare, kada a cika jirgi fiye da kima, kowa ya sa rigar kariya daga nutsewa. Sai dai tsakanin Lokoja da mashigin ƙauye a ƙasar Bakura akwai nisa. Gulbi ya sake hali, mai tsawatawa ya rasa sanda, duka cikin shekara biyar. Sa'an nan injin ya shigo, ya sa jirgi ya ƙara girma da sauri, ya sa kuma wanda bai taɓa riƙe gwangwala ba ya zama matuƙi. Injin ba shi da birki. Wanda bai iya kashe shi da wuri ba ya kan sheƙo ya daki gaɓa, na tsaye su zube gaba, ko katakon goshi ya tsage, a toshe da tsumma a ci gaba da aiki har ranar da zai buɗe.

Sakamakon wannan ga shi a rubuce cikin shekarun nan, a ƙasashen maƙwabtanmu da cikin jiharmu. Ran 26 ga Mayu 2021 wani jirgi ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara ta ƙasar Ngaski a Jihar Kebbi, da mutum fiye da 150 da kaya, ya tsage a Kwara, waɗanda aka ceto ba su fi ashirin da 'yan kai ba. Ran 30 ga Nuwamba na shekarar nan, a tafkin Watari na Bagwai a Jihar Kano, jirgi ya ɗebo 'yan makarantar Islamiyya daga Badau za su Mauludi, ya kife, aka rasa aƙalla 29, yawancinsu yara. Cikin Afrilu 2022 mutum 29 na Gidan Magana a ƙasar Shagari suka tafi, cikin Mayu 2023 kuma, a ƙasar Shagarin dai, yara 'yan mata masu zuwa itace, fiye da goma. Cikin Agusta 2025 jirgin 'yan kasuwar Goronyo mai mutum fiye da 50 ya kife, a ƙarshen watan kuma mutanen ƙasar Birnin Magaji da ke gudun 'yan bindiga suka cika jirgi ya nutse da su. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

Na Gummi shi ya kamata mu tsaya a kansa, gama gida ne, kuma shi ya fi bayyana tushen ciwon. Ran Asabar 14 ga Satumba 2024, da safe, manoma kamar 70 suka shiga jirgin katako guda za su gonakinsu a ƙetare. Ya kife, fiye da 40 suka rasu. Abin da wani shugaban yankin ya gaya wa 'yan jarida a lokacin shi ne, manoma fiye da 900 ne ke ƙetare ruwan nan kullum, jirage kuwa biyu ne. To, ku yi lissafi, ya ku malamai. In ko wane jirgi mutum 20 ya ke ɗauka cikin aminci, sawu fiye da 20 ke gaban ko wannensu kafin a gama, da safe kaɗai, kowa kuwa so ya ke ya kama aiki kafin rana ta yi zafi. Wane mai fito ne, shi kaɗai, zai tsare mutum ɗari a bakin ruwa, cikinsu har da kawunsa da surukinsa, ya ce saura ku jira? Mai saurin zargin matuƙi da kwaɗayin kuɗin fito ya fara amsa wannan. Kwaɗayi yana nan, ba mu musa ba, amma ƙarancin jirgi da rashin mai tsayawa bayan matuƙi sun fi shi ɓarna.

Kada a ɗauka wannan ciwon talakawan ƙasarmu ne kaɗai. A birnin Shikago na Amurka, ran 24 ga Yuli 1915, wani babban jirgi mai suna Eastland ya ɗauki mutum wajen 2,500, ma'aikatan wani kamfani da iyalansu za su yawon shan iska. Bai ko tashi ba, igiyarsa tana ɗaure a kwata, ya karkata ya kwanta a gefensa cikin ruwan da bai fi ƙafa 20 ba, mutum 844 suka mutu, jama'ar gari suna tsaye bisa tudu suna kallo. Jirgin dama an san shi da rashin gindin zama. Abin mamaki kuwa, cikin abubuwan da suka ƙara masa nauyi a sama har da ƙananan jiragen ceto da aka ƙara masa saboda dokar da aka yi bayan nutsewar Titanic cikin 1912. Doka ce mai kyau, an ɗora ta bisa jirgin da ba a duba ba. Haka cikin 1987, ran 6 ga Maris, jirgin fito na Ingila mai suna Herald of Free Enterprise ya bar kwatar Zebrug a Beljiyam ƙofarsa ta gaba a buɗe. Mai rufe ta yana barci, shugaban jirgi ya ɗauka an rufe tun da ba wanda ya ce masa ba a rufe ba. Mutum 193 suka hallaka. Daga nan aka tsananta cewa shiru ba izini ba ne, sai an tabbatar wa shugaban jirgi an rufe kafin ya tashi.

Maganin cika jirgi kuwa Ingilishi sun same shi tun cikin 1876, da ƙoƙarin wani ɗan majalisa, Samuel Plimsoll. Aka yi doka a zana layi a haƙarƙarin jirgi, in ruwa ya kai layin, kaya sun isa. Amma da fari mai jirgi aka bar wa zaɓen inda zai zana, sai da aka kai 1890 hukuma ta karɓi wannan a hannunta. Shekara 14 ke nan kafin su gane mai cin riba ba shi ne zai auna wa kansa ba. Wannan dabara ba ta bukatar komi sai fenti da mutum mai gaskiya. Amfaninta a wurinmu ma ya fi, domin ƙidayar kai tana ruɗi: buhun hatsi guda ya fi babban mutum nauyi, babur ya kusa mutum biyu, layi kuwa ba ruwansa da ko mutum ne ko buhu. Ya kuma cire kunya daga wuyan matuƙi. Ba shi ya hana kawunsa shiga ba, layi ne, kowa yana gani.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ku da ke riƙe da ofisoshin sarakuna da hakimai a yau ba ku da 'yan doka, amma hanyar maganar nan ta mai unguwa da dagaci da hakimi tana nan, babu kuma wata hukuma da ta san mashigan ƙasar nan ɗaya ɗaya kamar ku. Hana fito gaba ɗaya, kamar yadda Gwamnatin Kano ta yi na wani lokaci bayan abin Bagwai, ba ya daɗewa inda gona ta ke ƙetare, sai dai ya kori mutane zuwa mashigin ɓoye da tafiyar duhu. Abin da ya fi shi ne kafin ruwan Yuni ya sauka ko wane dagaci ya kawo sunan mashigan ƙasarsa, da yawan jiragen ko wanne, da kimanin masu ƙetarewa ran kasuwa da ranar da ba kasuwa, a rubuta cikin littafi kamar yadda a ke rubuta haraji a da. Da wannan littafi ne sarki zai nemi ƙarin jirgi wurin ƙaramar hukuma ko jiha, gama mai roƙo da lissafi ya fi mai roƙo da kuka samun amsa. Ko wane mashigi a sa masa mutum guda sananne, Sarkin Ruwa ko wakilinsa, wanda jirgi ba ya tashi sai ya ce a tashi, mutane kuma ba su miƙewa sai ya ce an ɗaure. A sanar a masallaci da kasuwa cewa maganarsa maganar hakimi ce, ɗan sarki da ma'aikacin gwamnati su fara bi. Rigunan kariya in an samu, a hannunsa za a ajiye su a bakin ruwa, a ƙidaya su da safe a ƙidaya da maraice.

Saura maganar madatsa. Tsakanin ƙofar Bakolori da mashigan ƙasar Bakura ruwa yana ɗaukar sa'o'i kafin ya iso, waya kuwa yanzu tana aljihun kowa. Ya kamata ofishin ko wane sarki cikin ukun nan ya kasance da alkawari a rubuce da masu kula da madatsar, cewa ba za a ƙara sakin ruwa ba sai an gaya wa wani malami da aka ambata da sunansa, shi kuma yana da lambar ko wane Sarkin Ruwa daga Maradun har iyakar Bakura. A sabunta sunayen nan ko wace shekara cikin watan Mayu, domin malamai ana sauya musu wurin aiki, masu fito kuma suna tsufa suna bar wa 'ya'yansu gwangwala.